Na Goya Bargon Lebusa

Mu a wajenmu ƙanƙara ba abin wasa ba ce. Tun ina yarinya na san ta da kashe tumaki da toshe hanyar Moteng, kuma wana ya bar yatsun ƙafarsa biyu a cikinta wata shekara da ta rutsa da shi a wajen kiwo. Shi ya sa ranar da mijina Lebusa ya dawo daga duba tumakinsa a kan tudu ya ce yana so ya koyi zamiya a kanta, na ɗauka sanyi ne ya taɓa masa kai.

Shekararsa sittin da biyu a lokacin. Talatin da ɗaya daga ciki a ramin zinariya na Welkom ya yi su, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da tari. Hanyar da yake bi zuwa wajen tumakin tana ratsawa ta saman wurin da baƙi suke zuwa wasan zamiya a lokacin sanyi. Ya ce ya ja linzami ya tsaya kallo har dokin ya gaji da tsayuwa. Ya ga wani tsoho mai farin gemu, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya taho daga can sama a kan katako biyu, ba ƙara ba gargada, kamar ana tsiyaya madara daga ƙwarya.

"Shekara talatin ana saukar da ni cikin duhu a kejin ƙarfe," in ji shi. "Ina so in sauka sau ɗaya cikin haske, da ƙafata."

Na ce ya ci tuwonsa kafin ya huce.

Lebusa in ya sa abu a ransa sai ya bi diddiginsa. Ya tambayi direbobin motar haya, ya tambayi matan ƙauyenmu da suke wanki a wurin. Wani malamin makaranta ya nuna masa a waya irin wuraren da ke ƙetaren teku, ya dawo yana dariya, ya ce kuɗin jirgi kaɗai zai cinye garken har da kare. Namu na kan tudu ya fi, in ji shi, kuma ya gano yadda talaka zai yi. Kada ka je a watan Yuli, tsakiyar sanyinmu, lokacin da motocin Johannesburg suke cika wurin. Ka bari sai makon ƙarshe na Agusta da ƙanƙara ta fara laushi, ka je tsakiyar mako, ka yi hayar takalmi da katako na safiya kawai, ka tafi da abincinka, ka kwana gidan dangi a Moteng. Har ya fere katako biyu daga wata tsohuwar ƙofa, yana ɗaura su a takalmin roba yana gwada tsayuwa a tsakar gida, kaji suna kallonsa.

Sau biyu ya ce mu tafi tare. Shekarar farko na ce rufin ɗakin girki yana yoyo, a fara da shi. Ta biyu na ce tsofai-tsofai da mu mutane za su yi da mu a coci, a bari sai baɗi. Gaskiyar magana kunya nake ji. Shi kuma ya ƙi tafiya shi kaɗai, ya ce abin da ya gani a duniya ba tare da ni ba ya yi yawa. Ya jingine katakan a bayan ƙofa bai yi musu ba. Tarin ya kwantar da shi a Fabrairu, ya rasu a Afrilu, masara ba ta gama bushewa a gona ba.

Na sa baƙin kaya wata huɗu. Rana ba ta faɗi ina waje, ba na ɗaga murya, ba na taka gonar kowa. Farkon Agusta dangi suka taru suka cire mini, aka raba kayansa. Na ce ba na son komai sai bargonsa, mai launin toka da jan ratsi, wanda yake hawa doki da shi. Wansa ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini.

A ranar na gaya wa ƙanwarsa Puseletso abin da zan yi. Zan kai bargon nan can sama, in sauko da shi a kan katako, kafin ƙanƙarar bana ta narke.

"Matar yaya, ko kwana ba ki yi da cire baƙi ba har kin fara neman karaya?" in ji ta. "Wa zai yi jinyarki? Ni?"

Na ce ita. Ta ce to dole ta bi ni, ko don ta san inda za a tsinto ƙasusuwan.

Mun bi tsarin Lebusa ba mu canza komai ba. Muka sauka gidan wata 'yar gwaggonsu a Moteng, ranar Talata da safe muka hau motar haya ta yi ta murɗawa da mu har kunnena ya toshe. Duwatsun duk sun bushe sun koma launin ƙasa. Da muka sha kwanar ƙarshe sai ga farin abu ɗaya shimfiɗe tun daga kan tudu har gindinsa, kamar an shanya dogon ƙyalle, rana tana dukansa har ido ba ya iya tsayawa a kai. Direban ya ce in ƙanƙarar da ke zubowa daga sama ta yi ƙaranci da inji suke ƙara ta. Na yi ta juya maganar a raina. Abin da muke roƙon Allah ya ɗauke mana, ga wasu suna ƙera shi.

Wadda aka haɗa ni da ita ta koya mini sunanta Nthabeleng, mace mai kimanin shekara arba'in, 'yar garin Mokhotlong, ubanta makiyayi. Rana ta ƙona mata fuska, ban da zagayen idanu inda tabarau yake zama. Ta tambayi shekaruna na ce hamsin da tara. Ta ce ta koya wa mai saba'in, kuma bai mutu ba sai da ya koma gida da shekara uku. Ta sa mini takalman, na ji kamar an zuba ƙafafuna a siminti. Na fito ina tafiya kamar saniyar da aka yi wa dabaibayi, bargon Lebusa a kafaɗata na maƙale shi da babban fil a ƙirji.

Ranar farko a ƙaramin gangare muka yi ta, wanda ake hawa da ƙafa a karkace. Ta nuna mini yadda zan haɗa bakin katakan kamar bakin garma in buɗe bayansu in ina so in tsaya. Kaina ya gane, jikina ne ya ƙi. Da zarar katakan sun fara tafiya sai in ja baya, su kuma su wuce gaba su bar ni a ƙasa.

"Mme, kujerar da kike son zama a kai babu ita," in ji Nthabeleng. Mme muke ce wa mace babba a wajenmu. "Ki ba gangaren ƙirjinki. Ƙwaurinki ya danne harshen takalmin."

Puseletso ta samu benci ta zauna da butar kunun dawa mai tsami a cinya, tana kirga faɗuwata da ƙarfi don kowa ya ji. Ta gaya wa wata Baturiya da ke kusa da ita cewa da faɗuwa sana'a ce da yau na gina gidan bulo. Matar ba ta ji yaren ba amma ta yi dariya.

Ranar Laraba na iya tsayawa, na iya juyawa dama, hagu kuma sai in ta ga dama. Sau ɗaya, na ɗan lokacin da bai fi a ja numfashi uku ba, komai ya daidaita. Ban taka ba, ban ɗaga ƙafa ba, ƙasa ce kawai take wucewa a ƙarƙashina. Tun da aka haife ni duk inda na je da wahalar ƙafata na je, ko a bayan jaki, ko a motar da ke jijjiga hanji. Ban san akwai tafiyar da ba a biyan ta da gajiya ba. Sai tsoro ya dawo, na ja baya, na zauna daɓas. Nthabeleng ta tsaya a kaina tana girgiza kai. Ta ce komai nawa ya yi, wannan ja da bayan ne kawai, kuma a babban gangare shi ne yake karya mutane.

Alhamis ita ce ranata ta ƙarshe, hayar kayan kuma zuwa tsakar rana ce. Iska mai ɗumi ta taso tun da safe, ruwa yana gudu a gefen ƙanƙarar, ma'aikata suna cewa da wuya ta wuce Lahadi. Na ce wa Nthabeleng yau sama za mu. Ta dubi tudun, ta dube ni, ta ce za ta kai ni amma da sharaɗi: ita a gaba tana tafiya da baya, ni ina bin ta, in ta ce tsaya in tsaya.

Babban gangaren ba a hawansa da ƙafa. Akwai igiyar ƙarfe da take zagayawa daga ƙasa zuwa sama, da sanduna masu ƙugiya a rataye, a sa maka ɗaya a bayan cinya ta ja ka kana tsaye. Muna isa layi mutumin da ke kula da igiyar, wani dattijo mai hular ulu, ya ɗaga hannu. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce ba a hawa da bargo. Ya ce in gefensa ya sarƙe a ƙugiya a can sama inda ake sakin sanda, igiyar ba ta san mutum ba, za ta ci gaba da ja. Ya nuna wata riga mai kauri da ke rataye a rumfarsa ya ce in ara, bargon in bar shi a wajensa ba abin da zai same shi.

Nthabeleng ta dafe baki. Kwana biyu tana tare da ni ba ta tuna ba. Ta ce idonta ya saba da bargo a jikin mace har ba ta ganinsa, kamar a ce mata ta lura ina da kunne. Ta fara lallashina in cire, minti kaɗan ne. Ashe ban taɓa gaya mata dalilin zuwana ba, ta ɗauka ko sha'awa ce ta tsufa.

Na gaya musu a nan tsaye, mutane suna wuce mu suna kama sanduna. Ban tsawaita ba. Na ce bargon na mijina ne, shi ya so zuwa, ni na hana shi sau biyu, in ba da bargon ba ba ni da abin yi a can sama.

Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce ya ji, Allah ya jiƙan Ntate, yadda muke kiran namiji babba, amma ba zai sa ni a igiya da abin da ke lilo ba, ko da uwarsa ce. Nthabeleng ta ce ko in rungume shi, ya ce da wane hannun zan riƙe sanda. Ya ce ana iya ba mai babur ɗin ƙanƙara ya kai shi sama ya dawo da shi. Na ce ba aike na zo ba. Muka yi cirko-cirko. Rana tana hawa, ina jin ruwa yana ɗiga daga rufin rumfar.

Sai ga Puseletso ta taho tana tsallen-tsallen kada takalminta na coci ya jiƙe, tana tambaya me ya tsayar da gwanar. Da aka gaya mata ta ce, "To ki goya shi mana. Dama a raye ma ke kike goyonsa."

Da zolaya ta faɗa. Ba wanda ya yi dariya, ita ma sai ta daina. Ta kwance ƙaramin mayafin ulun da ke ƙugunta. Na sa rigar dattijon, muka ninke bargon huɗu muka naɗe shi. Na sunkuya, ta ɗora mini shi a gadon baya yadda ake yi, ta rufa mayafin, na jawo gefunan ta ƙarƙashin hammata na ɗaure sama, na ɗaure ƙasa, muka soke da fil.

Sunana Mamokete, wato uwar Mokete. Ranar da aka kawo ni gidansu Lebusa surukata ta raɗa mini shi, don ɗan fari in ya zo a sa masa Mokete. Bai zo ba, ba kuma wanda ya zo bayansa. Na goyi ƙannena, na goyi 'ya'yan Puseletso duka biyar, nawa ne dai ban goya ba. Ta san haka. Ta daɗe tana gyara ƙullin.

Dattijon ya zagaya bayana, ya ja nan ya ja can, bai samu abin da ke lilo ba. Ya mayar da hularsa.

"Ya ɗauru," in ji shi. "A riƙe shi da kyau, Mme."

Ni da Nthabeleng muka kama sanda ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ta ce kada in zauna, in tsaya kawai ta ja ni. Aka fizge mu a hankali, muka fara hawa. Kiɗan da ake sakawa a ƙasa ya yi ta raguwa, muryoyin mutane suka bi shi, har ya zama ba na jin komai sai shuuu ɗin katako da numfashina. Nauyin da ke bayana ba shi da yawa, amma ina jinsa a kowane ƙashi.

A sama muka saki sanda, ta riƙe gwiwar hannuna ta ja ni gefe. Na ɗaga kai.

Shekara hamsin da tara ina zaune a gindin duwatsun nan, ban taɓa ganin bayansu ba. Ashe bayan kowane dutse akwai wani, bayansa wani, shuɗi bayan shuɗi, har inda ba ka iya raba dutse da sama. Saman kanta ta yi duhu-duhu don tsabar shuɗi, ta matso kusa kamar rufin ɗaki. Wata babbar ungulu tana shawagi ba ta kaɗa fiffike, kuma a ƙasa da mu take, ina kallon gadon bayanta. Shirun wurin har ina jin jinina yana bugawa a kunne. Can gefe, bayan shingen katako, na hango siririyar hanyar dawaki ta ratsa ciyawa. Nan Lebusa ya ja linzami. Na juya bayana wajen hanyar na ɗan tsaya haka.

Sannan na dubi ƙasa. Mutanen da muka baro sun koma kamar wake da aka watsa a faranti. Nthabeleng ta ga fuskata, ta ce ana iya cire katakan a sauka da ƙafa ta gefe, mutane da yawa suna yi, ba abin kunya ba ne. Na ce na riga na ce sai baɗi sau ɗaya, na ga abin da ta haifar.

Ta juya ta fuskance ni, ta fara zamewa da baya, hannuwanta a buɗe. Na tura.

Katakan suka ɗauka, tsoron ya zo daidai inda ya saba zuwa, jikina ya nemi ja da baya. Sai ya ƙi. Mace mai goyo ba ta jingina baya, ba ta yarda ta faɗi ta baya, wannan ba a koya mata da baki. Ƙuguna ya sunkuya da kansa yadda nake yi in ina gangara rafi da ɗa a baya, ƙwaurina ya danne takalmin, sai na ji katakan sun kama ƙanƙarar kamar an sa musu haƙora. Na ce dama suka yi dama. Na ce hagu, hagun da ta yi kwana biyu tana gardama da ni, ta bi. Nthabeleng ta zaro ido. Ba ta ce komai ba sai "Haka, Mme, haka," a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi mai barci.

Muka yi ta ratsa gangaren daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙarar katakan kamar ana tankaɗe gari. Wajen tsakiya na shiga inda rana ta tausasa ƙanƙarar, katakan suka cije, na tafi ta gaba da tafin hannu da fuska. Bakina ya cika da sanyi. Kafin in tofar, hannuna ya riga ya kai baya yana bubbuga goyon. Nthabeleng ta zauna a ƙanƙara tana dariya tana share ido, ta ce shekararta goma sha ɗaya a aikin nan ba ta taɓa ganin ɗalibin da ya faɗi ta gaba don ganin dama ba.

Ta tashe ni muka ci gaba. Da gangaren ya fara kwantawa, sai kawai ta kauce daga gabana ba ta sanar da ni ba. Ba kowa, ba komai, fari kawai da rana a kansa, haske ta sama haske ta ƙasa, ina tafiya a tsakiyarsu. Iska tana kwashe hawayena tana kai su cikin kunne. Na ji ina magana da ƙarfi. Na ce Ntate ka gani, ka gani, ga shi nan. Ban san sau nawa na faɗa ba.

Tsayawar ba ta yi kyau ba. Na buɗe bayan katakan a makare, na wuce inda ake tsayawa, na shiga taɓon ƙanƙara da ruwa har katakan suka tsaya da kansu. Amma a tsaye nake. Puseletso ta taho a guje, ta manta da takalmin coci. Ba ta ce mini sannu ba. Ta zagaya bayana ta cire fil, ta kwance ƙullin, ta sauke bargon da hannu biyu. Ya yi ɗumi, ɗumin jiki sosai, har tururi yana tashi daga gare shi a cikin sanyin. Ta rungume shi ta cusa fuskarta a ciki, ta daɗe.

Da ta ɗago ta ce, "Ya ji tsoro?"

"Shi? Ni ce dai na ji na mutum biyu."

Ta ja hanci, ta ce yayanta ke nan, kullum wani ne yake ɗaukar masa fargaba.

Nthabeleng ta iso ta tsaya a gefenmu, ta dubi rana, ta ce da sauran lokaci kafin a karɓi kaya, in ƙafafuna za su iya ana iya hawa sau ɗaya kuma. Cinyoyina suna ciwo, tafin hannuna ya ɗaye. Na miƙa hannu in karɓi bargon a sake ɗaurawa. Puseletso ta matsa da shi baya.

"Bar shi a wajena ya huta, ya yi nasa," in ji ta. "Ke je ki yi naki, in ga ko ke kika iya ko shi ne."

Na tsaya ina kallonta. Bayana ya yi sakayau, iska tana shiga inda gumi ya jiƙa rigar. Ban sani ba ko jikina zai tuna sunkuyon in babu kowa a bayan. Na juya katakan da kyar, ɗaya bayan ɗaya, na nufi wajen dattijon igiya.